Kafin a Ɗaure Ƙafa, a Rubuta Abin da Aka Gani

Ƙannena, da ku nake, ku masu karatun aikin lafiya, da ku da kuka zama 'yan rakiyar asibiti a gidajenku don kawai an ga kun iya karatu.

A cikin kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don bai wa kowace cuta lamba, wanda ake kira ICD, akwai wata ƙa'ida a babin karaya da nake so ku riƙe tun kafin ku haddace lamba ko ɗaya. Duk karayar da likita bai fayyace ko fata ta ɓarke a kanta ba, to za a lissafa ta cikin waɗanda fatarsu lafiya lau take. Wato in alƙalami ya yi shiru, takarda za ta ɗauka abin da sauƙi. Yaron da aka kwaso daga bakin Jakara, ƙashi ya leƙo waje, ruwan kwata ya wanke ciwon, in abin da aka rubuta masa bai wuce "karayar ƙafa" ba, a lissafi shi da wanda ya zame a tsakar gida ya samu 'yar tsagewa duk ɗaya ne. Alhali ɗayan sati shida ko takwas ya miƙe, ɗayan kuwa ana iya shekara ana kokawar ceto ƙafarsa.

Ka shafa ƙwaurinka yanzu. Tsakanin yatsanka da ƙashi ba komai sai fata. Ƙasusuwa biyu ne daga gwiwa zuwa idon sawu: babban da ka taɓa, wanda shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki, da wani siriri a gefen waje wanda ƙarshensa ne ƙululun idon sawun nan na waje. Ƙashin cinya nama ya lulluɓe shi ta ko'ina, ƙwauri kuwa tsirara yake ta gaba. Shi ya sa a cikin dogayen ƙasusuwa ya fi kowanne saurin fasa fata in ya karye, kuma can ƙasa kusa da idon sawu jini bai wadace shi ba, sai ya yi nawar haɗewa. Babban mutum yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Ga shi kuma daidai tsayinsa gaban mota da gefen A Daidaita Sahu suke.

Wanda ya tashi a cikin ganuwa ba sai an lissafa masa hanyoyin karyewa ba. Babur da ke shigowa lungun Mandawari ko Yakasai da gudun da ya dace da Titin Zariya. Kurar kaya da ta ƙwace wa mai turawa a Kurmi. Kwata a buɗe da daddare ba wuta. Katangar ƙasa da ta sha ruwan Agusta. Takalmin mai tsaron baya a filin Mahaha. Doki da ya tsorata ranar Hawan Daushe. Daga nan galibi sai Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, tsohon asibitin cikin gari tun zamanin Turawa, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala bayan rasuwarsa a 1976. In abin ya yi tsanani a tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a gefen Ƙofar Ruwa, wanda aka buɗe a 1959, ɗan'uwan na Igbobi a Legas da na Inugu, ko kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Abin lura shi ne, wanda ya fara ganin ciwon da idonsa ba lallai shi zai yi tiyatar ba. Na biyun zai tarar da ƙafa a naɗe, kuma ba a son a yi ta buɗe ciwon karaya kowa na leƙawa, domin kowace buɗewa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Saboda haka abin da na farko ya rubuta shi ne idon na biyu.

To me ya kamata ya rubuta? Wace ƙafa ce, dama ko hagu, da cikakkiyar kalma. Wane ƙashi, kuma a ina: sama kusa da gwiwa, tsakiya, ko ƙasa. Karayar ta shiga cikin gaɓa ko ba ta shiga ba. Gida biyu ƙashin ya rabu ko dagargajewa ya yi, ya goce daga mazauninsa ko yana nan. Sai fata, sai jijiyoyi: ana jin bugun jini a bayan tafin ƙafa? Yatsu na motsi, suna jin taɓi, da ɗumi ko sun yi sanyi? Sai lokaci, ƙarfe nawa abin ya faru, ƙarfe nawa aka iso, ƙarfe nawa aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Duka wannan bai wuce layi goma ba, kuma wanda ya saba zai rubuta shi kafin a gama haɗa ruwan da za a ɗaura.

Batun fata ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa. A 1976 wasu likitoci biyu a Amurka, Gustilo da Anderson, suka kasa buɗaɗɗiyar karaya gida uku, kuma har yau da rabonsu ake aiki a Dala da sauran duniya. Mataki na ɗaya, rami ƙasa da santimita ɗaya, mai tsabta. Na biyu, ya fi haka girma amma nama bai lalace sosai ba. Na uku, babban rauni, nama ya dagule ko datti ya shiga. A 1984 aka sake raba na ukun: wanda akwai naman da zai rufe ƙashi, wanda sai an ɗebo nama daga wani wuri an rufe, da wanda babbar jijiyar jini ta tsinke sai an ɗinke ta. Girman rami shi kaɗai yana yaudara. Ɗan huji kamar na ƙusa, in a cikin kwata aka same shi ko a turken dabbobi, ya fi wani faffaɗan yanka haɗari, shi ya sa matakin gaskiya sai a ɗakin tiyata ake tabbatar da shi bayan an wanke an gani. Kai da ka karɓi mara lafiya da farko, ka auna ramin, ka rubuta santimita nawa ne, ka rubuta abin da ka gani a ciki, ƙasa ce, ciyawa ce, ko yagaggen wando. "Rauni babba" ba awo ba ne. Babba a idon sabon ɗalibi ƙarami ne a idon wanda ya shekara ashirin a ɗakin haɗari.

Akwai kuma wani makashin ƙafa da ba ya nuna jini a waje. Naman sha-raɓa a cikin ɗakuna huɗu yake, kowanne da matsattsen bango da ba ya buɗewa. In kumburi ya cika ɗaki, jini ya daina shiga, cikin kamar awa shida nama ya fara mutuwa mutuwar da ba ta da gyara. Alamarsa ta farko zafi ne da ya wuce misali, wanda magani ba ya kwantarwa, yana ƙaruwa in an motsa yatsu. Ba a gane shi da duba ɗaya. Ana gane shi ne in mai aikin dare ta rubuta yadda ƙafa take ƙarfe goma, ta sake rubutawa sha ɗaya, ta sake sha biyu, sai wanda ya karanta ya ga inda abin ya dosa. Wadda ta bar shafin fari ta cike shi gaba ɗaya da asuba da "babu matsala" ta yi ƙarya sau takwas a zama guda.

Ku 'yan rakiya, naku aikin a nan yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an fara kai ɗan'uwanku wurin mai ɗori, ku faɗa, ku faɗi kwana nawa ƙafar ta yi a ɗaure, da abin da aka shafa, da ko an yi tsaga. Na san abin da ke sa mutane ɓoyewa: tsoron tsawa. Kuma a nan laifin namu ne, mu masu farin kaya. Masu ɗori sun riga asibiti zuwa garin nan, sana'a ce ta gado, suna kusa, ana biyansu a hankali, kuma karaya da yawa marasa tsanani sun warke a hannunsu. Haɗarin yana wurin ɗauri mai tsauri da karare a kan ƙafar da ke kan kumbura, da ciwon da ke buɗe aka rufe shi da haɗin magani. Amma ma'aikacin da ya fara da faɗa ya riga ya rasa labarin. Za a ce masa jiya aka faɗi, alhali sati uku ke nan, shi kuma ya rubuta jiya, a ɗora magani a kan jiya. Ka tambaya da ladabi, "Baba, kafin ku zo nan wa ya fara dubawa?" Ka rubuta amsar yadda take, ba tare da hukunci ba.

Wannan yana da wata fa'ida da ba a cika kula da ita ba. Gardamar ɗori da asibiti ta ƙi ƙarewa ne saboda kowane ɓangare rabin labari yake gani. Asibiti ba ya ganin waɗanda suka warke a wurin mai ɗori, sai waɗanda ƙafarsu ta ruɓe. Mai ɗori ba ya riƙe littafi, wanda ya lalace a hannunsa ba ya komowa, sai wanda ya warke ya zo godiya. Kundin lambobi kuwa yana da gurbin ƙashin da ya haɗe a karkace, M84.0, da wanda ya ƙi haɗewa, M84.1, da wanda ƙwayar cuta ta shiga ɓargonsa, M86. In an cike waɗannan da gaskiya, aka kuma rubuta inda kowa ya fara zuwa, wata rana za a iya zama da masu ɗori a ce musu ga irin karayar da in kun gani ku turo ta nan take, ga hujja daga littafinmu, ba daga bakin wani ba.

Yanzu ku da za ku zauna a ɗakin kati. Na san yadda ake kallonku. Mutane na ganin ba ku da aiki sai miƙa fayil ta taga da cewa a dawo gobe. Ku bar su. Rubuta labarin mara lafiya tsohon aiki ne na manya. Abubakar Arrazi, likitan Rayyu da Bagadaza da ya rasu wajen shekara ta 925, yana rubuta labarin marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda maganinsa bai yi musu ba. Tsarin lambobin da kuke koyo ya samo asali ne daga jerin sabubban mutuwa da Bafaranshe Jacques Bertillon ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, ta amince da bugu na goma a 1990, na sha ɗaya kuma ya fara aiki a farkon 2022, ko da yake ƙasashe da dama har yanzu da na goma suke aiki. A nan gida, tun 1989 doka ta kafa hukumar da ke yi wa jami'an adana bayanan lafiya rajista. Sana'a ce mai lasisi.

A bugu na goma duk karayar da ke tsakanin gwiwa da idon sawu gidanta S82. Ƙoƙon gwiwa S82.0, saman babban ƙashi S82.1, tsakiyarsa S82.2, ƙasansa S82.3. In siririn ƙashin ne ya karye shi kaɗai, S82.4, in tare suka karye da tsakiyar babban, lambar babban ta wadatar. Idon sawu na ciki S82.5, na waje S82.6. Ana iya ƙara lamba ta biyar, 0 in fata ba ta ɓarke ba, 1 in ta ɓarke. Can ƙarshe akwai S82.9, karayar da ba a faɗi wurinta ba, kuma ita ce matattarar ragwanci. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba da bashi ba ya rubuta "kaya" kawai a littafinsa. Zai sa shadda ce ko atamfa, turmi nawa, wa ya karɓa, ran nawa ga wata. Asibitin da rabin karayarsa ke S82.9 ya rubuta "kaya" ne, kuma ranar da zai nemi kuɗin ƙarafan tiyata ko ƙarin gadaje ba shi da abin nunawa.

Sai dai maganin S82.9 ba cinta ba ne. Wannan ita ce jarabawar da za ta fi samunku, musamman in kun fara ƙwarewa. Za ka buɗe fayil, ka ga an shiga tiyata an wanke ciwo, an ba da allurai masu ƙarfi, ka san a ranka buɗaɗɗiyar karaya ce, amma likita bai rubuta ba. Ba hurumin mai lamba ba ne ya yanke cuta. Ka ɗauki fayil ka bi likitan, ka ce, "Ranka ya daɗe, nan ba a nuna ko fata ta ɓarke ba, a taimaka a cike." Wani zai haɗe rai, wani zai ce ba shi da lokaci. Ka koma gobe. Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan da aka bi sau uku kan abu ɗaya, na huɗu da kansa zai rubuta don ya huta da kai. In za a gyara rubutu, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a yage shafi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya adana bayanan marasa lafiya da rufe sirrinsu, ta kuma tanadi ɗauri ko tara ga mai yi musu coge.

Coge kuwa zai zo muku da fuskar taimako. Tun da aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, lamba ta fara zama kuɗi. Wani zai ce a ɗan ƙara wa karayar nauyi don a biya da yawa. Wani zai ce a sauya ranar don ta faɗa cikin lokacin da katinsa ke aiki, ko a rubuta a wurin aiki ya faɗi don ya samu diyya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, alhali a ƙwallo ya karye. Wanda zai roƙe ka ɗin ma wataƙila maƙwabcinku ne, tare kuke sahu a masallaci. A cikin gari kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma wannan shi ne daɗin zama a cikinsa da wahalar aiki a cikinsa. Ka taimake shi ta wata hanya. Haka nan hoton ciwon mutum ba abin turawa zauren WhatsApp na 'yan ajinku ba ne, ko da an rufe fuska. A unguwar da ake gane mutum da takalminsa, rufe fuska ba ya ɓoye kowa.

Wani sashe na kundin da ake yawan tsallakewa shi ne na sanadi, kuma a ganina shi ya fi shafar gari. Mai tafiya a ƙasa da abin hawa ya buge yana tsakanin V01 da V09, mai babur V20 zuwa V29, na cikin keke mai ƙafa uku V30 zuwa V39, mahayin doki V80. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa, A Daidaita Sahu suka cika titi. Dalilin tsaro ne, amma tambaya ta lafiya na biye: ƙafafun da ke karyewa sun ragu, ko dai salon karyewar ne ya sauya? Kowa a majalisar shayi yana da ra'ayi. Amsa ta gaskiya tana wurin wanda ya tambayi mara lafiya, "A kan me kake, me ya buge ka, a wane titi?" ya kuma rubuta. "Haɗarin mota" da ake rubuta wa kowa, har wanda ya faɗo daga babur, ba zai nuna wa KAROTA, mai kula da zirga-zirgar titunan Kano, ko hukumar kiyaye haɗura wace mahaɗa ce ke cin ƙafafun mutane ba.

Kada kuma ku ɗauka lamba tana ɗauke da komai. Bugu na goma na Hukumar Lafiya ba shi da gurbin dama ko hagu. Amurkawa da suka koma nasu samfurin a watan Oktoban 2015 sun faɗaɗa shi ya kai lambobi kusan dubu 70, har da ɓangaren jiki, da matakin Gustilo, da ko zuwan farko ne ko na bibiya. Bugu na sha ɗaya shi ma ya ba da damar ƙara irin waɗannan. In kun ci karo da dogayen lambobin Amurka a intanet, ku sani ba lallai su ne asibitinku ke amfani da su ba, ku tambayi shugaban sashe. Amma ko da wanne ake aiki, kwamfuta ba ta ƙirƙiro abin da ba a gani ba. Asibitocin da suka bar takarda suka koma na'ura sun samu sauƙin nemo fayil, sun kuma samu sabuwar cuta, ta kwafo bayanin jiya a liƙa a na yau.

Yara na da nasu abin lura. Kusa da ƙarshen ƙashin yaro akwai wani faifai mai taushi wanda daga nan ƙafa ke tsawo. Salter da Harris sun kasa karayarsa gida biyar a 1963. In ta taɓa wannan wuri dole a rubuta, a kuma gaya wa iyaye, domin ƙafar na iya warkewa sumul, bayan shekara biyu a ga ta fara gajarta ko karkata. Mai sikila ma a rubuta shi tun a layin farko, saboda ƙashinsa ya fi saurin kamuwa da ƙwayar cuta.

In an sallami ɗan'uwanku, kada ku fita sai da takardar sallama a hannu, ku karanta ta a tsaye a wurin, ku tabbata ƙafar da aka rubuta ita ce ta karye. Ku ajiye lambar kati a waya da kuma bangon littafi. Yankar sabon kati duk zuwa yana raba labarin mutum ɗaya gida uku, kowane likita ya ga guntu. Hoton ƙashi kada a naɗe shi, kada a bar shi a rana ko ƙarƙashin katifa. Ku ɗaga shi a haske ku ɗauke shi da waya, da kwanan watan da ke jikinsa. In an sa ƙarfe, ku roƙa a rubuta muku irinsa, faranti ne da ƙusoshi ko sanda ce a cikin ɓargo, na wane kamfani, ƙusoshi nawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in bukatar cirewa ta taso, wataƙila a Kaduna ko Maraɗi, likitan can sai ya san irin kan ƙusoshin tukuna kafin ya tanadi abin kwance su, domin ba kowane maɓalli ke shiga kowace ƙusa ba.